Windows da Linux a Kwamfuta Ɗaya: Amsoshin Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Shago

Sana'ata gyaran kwamfuta ce a cikin garin Kaduna, kuma da wuya mako ya wuce ba a zo mini da wannan magana ba. Yawanci ɗalibai ne daga Kadpoly ko KASU, wani lokacin har daga Zariya, malami ya ce su koyi Linux, su kuma ba sa son rabuwa da Windows. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tara su nan da amsoshin da nake bayarwa a bakin tebur.

Da gaske ne kwamfuta ɗaya na iya ɗaukar manyan manhajoji biyu?

Ƙwarai kuwa. Ka ɗauki faifan ajiyar kwamfutarka tamkar gidan gado da aka raba wa 'yan'uwa biyu: an ja katanga a tsakiya, kowa da sashensa, amma zaure ɗaya ake shiga. Windows na zaune a sashensa, Linux a nasa. Zauren shi ne wata 'yar manhaja mai suna GRUB, wadda ke fitowa da zarar ka kunna kwamfuta, ta jera maka sunayen biyu a baƙin sikirin, ta ba ka 'yan daƙiƙu ka zaɓa. In ba ka taɓa komai ba, sai ta shiga na saman jeri.

Abin da mutane ba sa fahimta da farko shi ne ba tare suke aiki ba. In kana cikin Linux, Windows barci yake, bai ma san ana yi ba. In kana son komawa wajensa, dole ka rufe abin da kake yi, ka sake kunna kwamfutar, ka koma zaure.

To me zai sa mutum ya ɗora wa kansa wannan?

Domin akwai aikin da kowanne ya fi ɗan'uwansa. Mai koyon rubuta manhaja, ko kula da sabar intanet, ko tsaron bayanai, ba makawa sai ya saba da Linux, tunda akasarin sabobin da ke riƙe da shafukan intanet a kansa suke tafiya. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta shi a 1991, kuma har yau kyauta ne, ba lasisi, ba wani saƙo a gefen sikirin da ke cewa ka biya. A ɗaya ɓangaren, wanda yake cin abinci da CorelDRAW wajen tsara katin biki da kalanda, ko ɗalibin zanen gini mai AutoCAD, ko mai Photoshop, ba shi da mafita sai Windows, domin kamfanonin ba sa yin waɗannan don Linux.

Akwai kuma sabon dalili. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 yana da sharuɗɗa: sai kwamfutar na da guntun tsaro TPM 2.0, sannan in Intel ce a ciki, sai daga zubi na 8 zuwa sama. Laftof ɗin tokumbo da suka cika shagunan titin Ahmadu Bello, da yawansu zubi na 4 ne zuwa na 7. Lafiyarsu ƙalau, amma a hukumance an bar su a baya. Mai irin wannan yakan bar tsohon Windows ɗinsa don aikin zane kawai, ya riƙa shiga intanet da harkar banki ta cikin Linux da ake ci gaba da sabuntawa. Ni a ganina wannan shi ne dalili mafi ƙarfi a yanzu.

Zai rage wa kwamfutata gudu?

A'a. Wanda ke barci ba ya cin RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, ba ya shan batir. Wuri kawai yake tarewa a faifai.

Tawa za ta ɗauka?

Girman faifai za ka fara dubawa. Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, na neman gigabait 25 a ƙalla, amma wannan na shiga ne kawai, ba na zama ba. Ni ba na yanka wa kowa ƙasa da 50, in da hali 80. Windows 11 shi kaɗai yana neman 64. Ka ga ke nan mai faifan SSD na gigabait 128 ya shiga matsi: za a iya, amma bayan wata biyu zai dawo yana cewa ko'ina ya cika. Daga 256 zuwa sama babu damuwa. RAM kuma, gigabait 4 zai yi, 8 ya fi daɗi.

In laftof ɗinka na da gurbin faifai biyu, ko tebur ce mai akwati, to ka huta. Sayi ƙaramin SSD na biyu ka ba Linux shi kaɗai. Ba yanka, ba raba gado, kowa da gidansa.

Linux ɗin kala-kala ne. Wanne zan ɗauka?

Ga sabon shiga, Linux Mint ko Ubuntu. Ubuntu na kamfanin Canonical ne, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa, kuma ya fara fitowa a Oktoban 2004. Ka nemi wanda aka rubuta LTS a gaban lambarsa, kamar 24.04, domin shi ake tallafa wa shekara 5. Mint a kan Ubuntu aka gina shi, sai dai fuskarsa ta fi kama da Windows, da maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, kuma ya fi sauƙi a tsohuwar kwamfuta. Akwai kuma maganar data: fayil ɗin Ubuntu 24.04 ya kusa gigabait 6, na Mint kusan rabin haka ne. In kana da aboki da ya riga ya sauke, kwafa kawai, ba laifi ba ne, ba sata ba ce.

Sai Kali. Duk yaron da ya shigo yana rage murya ya ce, "Oga, Kali nake so a sa mini," na san ya kalli bidiyon masu kutse ne. Kali kayan aikin ƙwararrun masu gwajin tsaro ne, ba a yi shi don amfanin yau da kullum ba, kuma sa shi ba ya mayar da kowa gwani, kamar yadda sayen almakashi ba ya mayar da mutum tela. Fara da Mint, ka iya zirga-zirga a baƙin allon umarni tukuna.

Wanne ake fara sakawa?

Windows. Shi in ya zo daga baya ba ya tambayar ko akwai wani a gidan, sai ya sa kansa a gaba, ka kunna kwamfuta ka nemi zaure ka rasa. Linux kuwa in ya tarar da Windows yakan gane shi, ya sa sunansa a jeri. Tunda yawancinmu da Windows muke sayen kwamfuta, an riga an gama wannan.

Me ya kamata in yi kafin in taɓa komai?

Nan ne duk maganar take. Saka Linux ɗin kansa aikin minti ashirin ne zuwa talatin. Kusan duk wanda aka kawo mini da ɓarna, ba a wajen sakawar ya yi kuskure ba, shirin da ya tsallake ne.

Na farko, kwashe kayanka. Hotunan biki, takardun makaranta, furojet, duk abin da in ya ɓata za ka yi kuka, kwafe shi zuwa wani faifai na waje, ka buɗe ka tabbata ya kwafu. Ajiyewa a wani sashe na faifan da za ka yanka ba ajiya ba ce. Wata rana da yamma, ana gab da kiran Magariba, wani ɗalibi ɗan ajin ƙarshe ya shigo da laftof a cikin jakar leda, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce, "Injiniya, don Allah ka taimake ni, jibi zan kai babi na huɗu." Abokinsa ne ya sa masa Ubuntu a ɗakin kwana, ya danna zaɓin da ke share faifai gaba ɗaya. Na tambaye shi ko yana da kwafi. Ya yi shiru, can ya ce ya taɓa tura wa malaminsa babi na ɗaya da na biyu ta WhatsApp. Su kaɗai muka samu. Faifan SSD ne, kuma shi in an share an rubuta wani abu a kai, ba kasafai ake ceto komai ba.

Na biyu, BitLocker. Wannan makulli ne da Windows ke sa wa faifai, kuma a sababbin kwamfutoci sau da yawa yana kunne ba tare da mai ita ya sani ba. Da zarar ya ji an canja wani abu a yadda kwamfuta ke tashi, sai ya fito da shuɗin sikirin yana neman lambobi 48. In ba ka da su, babu mai gyaran da zai buɗe maka, ko a Kaduna ko a Legas. Lambobin suna cikin asusunka na Microsoft in da shi ka shiga Windows. Nemo su, rubuta a takarda, ka ɗauki hotonsu a waya. Mafi sauƙi ma ka kashe BitLocker ɗin gaba ɗaya, ka jira ya gama buɗe faifan kafin ka ci gaba. Mai laftof na hannu ya ƙara kula, don wani lokacin asusun da lambobin ke ciki na tsohon mai ita ne da ke wata ƙasa.

Na uku, kashe Fast Startup. Tun Windows 8 a 2012, in ka ce wa Windows ya mutu, ba ya mutuwa duka. Yakan ajiye rabin kansa a faifai don ya tashi da sauri, ya bar sashensa a kulle. Linux in ya zo ya tarar da haka, ko dai ya ƙi ba ka damar rubutu a ciki, ko kuma a samu lalacewar fayil. Ana kashe shi a Control Panel, ƙarƙashin Power Options, wajen da ake zaɓar aikin maɓallin kunnawa.

Na huɗu, wuta. Kada ka fara yanka faifai da batirin da ba ya riƙe caji kana dogaro da wutar gari. In aka ɗauke ana tsakiyar matsar da katanga, sassan biyu na iya tafiya tare. Cika batir, in kuma ya mutu, je inda ke da inbata ko sola. Mai kwamfutar tebur ba tare da UPS ba, ni dai ba na ba shi shawarar ya gwada.

Yaya ake yanka wa Linux wuri?

Daga cikin Windows, domin shi ya fi sanin inda ya ajiye kayansa. Danna dama a kan maɓallin farawa, buɗe Disk Management, danna dama a kan sashen C, zaɓi Shrink Volume. Da megabait yake lissafi, saboda haka gigabait 60 shi ne 61440. Zai bar maka fili mai baƙin layi a sama. Bar shi haka, kada ka yi masa fomatin, kada ka ba shi harafi.

Wani lokacin faifai na da fili da yawa amma Windows ya ce kaɗan zai iya bayarwa. Wasu fayilolinsa ne da ba sa matsawa suka zauna a ƙarshen sashen. Kashe dogon barcin kwamfuta (Hibernate) da ajiyar maido da tsari (System Restore) na ɗan lokaci yakan saki wurin.

A tsofaffin kwamfutoci akwai wani shinge daban. Tsohon tsarin raba faifai, MBR, sassa manya 4 kawai yake yarda da su, kuma wasu laftof tun daga kamfani an cinye huɗun. Sabon tsari, GPT, yana ɗaukar har 128. In ka ƙirga ka ga huɗu a faifan MBR, tsaya, kai wa wanda ya sani. Kuma in Windows ya tambaye ka ko ya mayar da faifan Dynamic, ka ce a'a.

Filash fa, yaya ake haɗa shi, kuma yaya zan sa kwamfuta ta tashi daga kansa?

Daga kan filash ake saka Linux. Mai gigabait 8 ya isa, amma ya zama na gaske. Akwai na jabu a kasuwa da aka rubuta 32 a jiki alhali cikinsa bai kai ba, kuma irinsu ne ke sa aiki ya tsaya a rabi ba dalili. Duk abin da ke kansa zai goge. Da manhajar Rufus ake rubuta fayil ɗin Linux da ka sauke a kai, ko balenaEtcher. Ni Ventoy nake amfani da shi a shago, saboda filash ɗaya na ɗaukar Ubuntu da Mint da Windows a tare, kwafa kawai ake yi.

Kafin nan, bincika yadda Windows ɗinka ke tashi. Rubuta msinfo32 a wajen nema, duba layin BIOS Mode. In ka ga UEFI, a Rufus zaɓi GPT. In ka ga Legacy, zaɓi MBR. Dole Windows da Linux su tashi ta hanya ɗaya. In ɗaya UEFI ne ɗaya Legacy, GRUB ba zai ga Windows ba, kuma wannan na cikin abin da aka fi kawo mini.

Sai ka soka filash, ka kunna, ka yi ta danna maɓallin zaɓen tashi tun kafin tambarin kamfani ya ɓace. HP, F9. Dell, F12. Lenovo, F12, wasu kuma suna da ɗan rami a gefe da ake sokawa da allura. Acer ma F12, sai dai a wasu sai an kunna shi a BIOS, wato allon saitin injin da ake shiga tun kafin Windows ya tashi. Asus, Esc.

Kada ka yi saurin danna sakawa. Linux na iya aiki daga kan filash ba tare da ya taɓa faifanka ba. Yi minti goma a ciki: haɗa wayafai, kunna sauti, gwada kyamara da kibod. Abin da bai yi aiki a nan ba, ka san da shi tun kafin ka shiga.

A wajen sakawa, wane zaɓi zan danna?

Wanda ya ce a saka shi kusa da Windows. A Ubuntu rubutun shi ne Install Ubuntu alongside Windows Boot Manager. Zai ga filin da ka bari ya zauna a ciki. Wanda ya fara da Erase disk shi ne ya cinye furojet ɗin yaron can. Karanta sau biyu. In ba ka ga zaɓin "kusa da Windows" ba sam, kada ka ce bari in danna wanda ke akwai. Fita, akwai abin da bai daidaita ba: ko BitLocker, ko Fast Startup, ko ka tashi filash ta hanyar da ba ta Windows ba.

Akwai zaɓin raba faifai da hannu. Wanda ya bi ta nan zai ga wani ƙaramin sashe mai megabait 100 ko fiye kaɗan, mai tsarin FAT32, an rubuta EFI. Nan ne zauren yake, na Windows da na Linux duka. Ana amfani da shi, ba a yi masa fomatin.

Linux ya ce bai ga faifai ba, ko ya kawo maganar RST. Faifan ya lalace ne?

Lafiyarsa lau. Wasu laftof, musamman Dell, suna zuwa da faifai a saitin RAID ko Intel RST, Linux kuma AHCI yake so. Ana canjawa a BIOS, amma in ka canja kai tsaye Windows zai ƙi tashi, ya ba ka shuɗin sikirin. Dabarar ita ce ka fara buɗe msconfig a Windows ka sa alama a Safe boot, ka sake kunnawa ka shiga BIOS ka mayar AHCI, ka bar Windows ya tashi a wannan yanayin sau ɗaya don ya ɗauki direban da ya dace, sannan ka cire alamar.

Sai na kashe Secure Boot?

Wannan saitin tsaro ne a BIOS da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tashi. Ga Ubuntu da Mint na yanzu, ba dole ba ne, suna tashi da shi a kunne. Kali da wasu ƙanana sai an kashe. Amma ka sani kashe shi na cikin abubuwan da ke tayar da BitLocker, ka ga amfanin takardar lambobin nan. A watan Agustan 2024 wata sabuntawar Windows ta sa kwamfutoci da dama masu manhaja biyu suka ƙi shiga Linux, suna nuna saƙo mai kalmar SBAT. Tsofaffin fayilolin tashi na Linux ne aka toshe saboda wata kafar tsaro. Maganin a lokacin shi ne a kashe Secure Boot, a shiga Linux a sabunta shi. Shi ya sa ba na son a saka tsohon fayil da ya shekara uku a filash ɗin wani.

Tun da na sa Linux, agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya. Me ya faru?

Wannan kowa sai ya gamu da shi, kuma ba batirin agogo ba ne. A cikin kwamfuta akwai agogo guda ɗaya. Linux yana saita shi a kan lokacin duniya na UTC, sannan ya ƙara awa ɗaya ya nuna maka lokacin Najeriya. Windows kuma yana ɗauka abin da ya tarar a agogon shi ne lokacin gari. Saboda haka ƙarfe 2 na rana sai ya nuna maka ƙarfe 1. Wani Alhaji da na yi wa aiki ya dawo washegari ya ce, "Malam, kwamfutar nan taka ta kusa sa ni makara Azahar." Na ce, "Ranka ya daɗe, minti ɗaya." Na buɗe allon umarni a Linux na rubuta timedatectl set-local-rtc 1, na koma Windows na daidaita agogo, shi ke nan. Linux zai yi ɗan gargaɗi, amma gargaɗin ya fi shafar ƙasashen da ke canja agogo da bazara da hunturu. Mu ba ma yi.

Na kunna, kai tsaye ta wuce Windows, babu zaɓi. Linux ya goge ne?

Yana nan. Windows ne ya koma gaban layi, sau da yawa bayan babbar sabuntawa ko sabunta BIOS. Danna maɓallin zaɓen tashi, za ka ga ubuntu a jeri, har ga masu Mint sunan da ke fitowa ke nan. Don ya zauna, shiga BIOS ka ɗaga shi sama da Windows Boot Manager. Wasu Acer da tsofaffin HP suna da taurin kai a nan, sai an nuna musu fayil ɗin tashin da hannu.

In kuma akasin haka ne, GRUB ya fito amma babu Windows a ciki, shiga Linux ka rubuta sudo update-grub. In bai gano shi ba, to mai binciken maƙwabta, os-prober, a kashe yake, domin tun GRUB 2.06 haka yake zuwa a wasu nau'o'in Linux, sai an kunna shi a fayil ɗin saitin GRUB. In duk abin ya cakuɗe, akwai manhajar Boot-Repair da ake gudanarwa daga filash. Kada ka goge filash ɗin nan bayan ka gama, ajiye shi a aljihun jakar laftof.

Zan iya buɗe fayilolina na Windows daga Linux?

Eh, Linux na karanta NTFS, tsarin da sashen Windows ke kai, yana kuma rubutu a ciki, muddin Fast Startup da BitLocker ba su kulle ba. Windows ne ba ya ganin sashen Linux, wanda ke kan tsarin ext4. A Disk Management zai nuna shi kamar wani sashe marar suna, kuma in ya taɓa ce maka a yi masa fomatin, kada ka yarda. Abin da nake yi wa mutane shi ne in yanka sashe na uku mai NTFS, a zuba takardu da karatuttuka da hotuna a can, kowane ɓangare ya ɗiba. Takardun Word da Excel suna buɗewa a LibreOffice, sai dai tsarin shafi kan ɗan goce. Furojet da za a kai wa malami, a gama shi a inda aka fara, ko a fitar da shi PDF kafin a kai wajen bugawa.

Ƙwayar cutar Windows ba ta aiki a Linux, shi ya sa a Linux nake buɗe filash ɗin da ya zaga shagunan buga takardu. Amma fayil mai cuta in ka kwafe shi zuwa sashen Windows, yana nan da cutarsa.

Wayafai ya ƙi aiki a Linux.

Yawanci katin Broadcom ne ko wasu na Realtek. Haɗa wayarka da kebul, kunna raba intanet ta USB, Linux zai gan ta nan take. Sai ka buɗe Additional Drivers a Ubuntu, ko Driver Manager a Mint, ka sauke direban. Nan ma ake samun na katin hoto na Nvidia.

Haruffanmu masu lanƙwasa fa?

Akwai kibod ɗin Hausa a Linux, cikin jerin na Najeriya, kuma yana ba da ƙ da ɗ da ɓ ba tare da an sauke komai ba. Windows ma yana da nasa. Kowanne sai ka ƙara shi a saitinsa daban, tunda ba sa gadon saitin juna.

Babu hanyar da ta fi wannan sauƙi?

Akwai, kuma rabin masu zuwa wajena ita nake tura su. In abin da malami ke so shi ne ka koyi umarnin Linux, ka rubuta Python, ka gwada Git, to WSL ya ishe ka: Linux ne a cikin taga a Windows 10 ko 11, Microsoft da kansa ya yi shi, umarni ɗaya ake rubutawa, wsl --install. Ko ka sa VirtualBox, wanda kyauta ne, ka gina kwamfutar gwaji a cikin taka. In ta lalace ka goge ka sake, ba abin da ya taɓa faifanka. Matsalarsa Windows da Linux suna raba RAM a lokaci guda, don haka mai gigabait 4 zai sha jira, fanka na ihu, musamman a zafin watan Maris da Afrilu. Irin wannan mai ƙaramar kwamfuta shi raba faifai ya fi yi wa amfani, domin kowanne na samun ƙarfin injin gaba ɗaya. Haka wanda aikinsa ke buƙatar taɓa katin wayafai ko katin hoto kai tsaye.

Masu MacBook, in mai Intel ce, akwai Boot Camp na Apple da ke sa Windows a gefe. Daga M1 da ya fito a 2020 zuwa sama babu shi.

In na gaji da Linux, yaya zan cire shi in mayar da wurina?

Bi da bi, kuma kada ka fara da gogewa. GRUB na ajiye rabin kayansa a sashen Linux, in ka share sashen alhali shi ne a gaban layi, gobe za ka kunna ka tarar da baƙin sikirin da kalmar grub tana jiran umarni, ka ɗauka komai ya tafi.

Fara kwashe abin da kake so daga Linux, tunda Windows ba zai iya ɗauko maka ba. Shiga BIOS ka mayar da Windows Boot Manager na farko, ka sake kunnawa sau biyu ka tabbata tana shiga Windows da kanta. Sannan ka buɗe Disk Management, ka nemo sashen da ba shi da harafi kuma girmansa ya yi daidai da abin da ka yanka, ka share shi. Ƙananan nan biyu, EFI da Recovery, ba naka ba ne, bar su. Danna dama a kan C ka zaɓi Extend Volume, wanda ke aiki in filin yana manne da C ta dama. Sunan ubuntu zai iya ci gaba da fitowa a jerin BIOS, ba ya cutar da komai. A tsohuwar kwamfuta mai Legacy kuwa babu jerin da za ka sauya, sai ka tashi daga filash ɗin Windows, ka shiga wajen gyara, ka rubuta bootrec /fixmbr kafin ka share sashen.